Abdussalamu, ba gangancinka ne ya kashe fitilar ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 12 ga Fabrairu 2025, bayan magariba, wata babbar mota ta banke Abdussalamu tela a hanyar Kiéché, yana dawowa Dogon Dutsi a kan baburina. Kafin a kai shi gidan likita rai ya yi halinsa.

Abdussalamu, maƙwabcina, na zauna wurin makokinka na ji abin da ya hana ni cin abinci. Wai ka hau babur ba fitila, wai ganganci ne irin na masu sauri. Ƙarya suke yi maka, kuma ba ka da bakin kare kanka. Ni ina da shi.

Tun da ciwon ƙafa ya kwantar da ni baburin nan yake jingine a zaure, shekara da shekaru, kaji na kwana a kansa. Ƴaƴana na Yamai sun ce a sayar wa masu tsohon ƙarfe. Kai ka ji ina maganar ƙanwata Kubra da ke Kiéché, wadda ita kaɗai ta rage mini a ɗakinmu, ka ce za ka tada shi ka kai ni. Ba kanikanci ka koya ba, amma haƙurin ɗinki ka kawo masa. Kullum ka rufe shago sai ka zo ka tsuguna. Ka zubar da tsohon mai, ka wanke buji, wato fulogi. Ka murɗa makulli shiru, ko ƙaho bai yi kuka ba. Ka kankare farar tsatsar da ta cinye kan batir, ka sake fiyus, ya sake ƙonewa. Ba ka yi fushi ba. Ka bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya har ka gano inda ɓera ya gaigaye su ƙarƙashin sirdi, ka naɗe su tsaf kamar kana kalmasa bakin riga. Irin mutumin nan ake kira mai ganganci?

Batir kaɗai ya rage, don tsohon ya mutu murus. Ka sayo sabo a kasuwa, a kwalinsa, yana ƙyalli. Da na ce mu tafi, ka ce: "Malam, ba zan ɗora ka ba sai na gwada shi ni kaɗai." Ka tafi, ka gaida Kubra, ta ba ka gujiya don ka kawo mini.

Da jandarmomi suka maido baburin da ƙullin gujiyar, batirin ya tsage. Na sa farce na kankare baƙin fentin, sai ga tsohon launi a ƙasa. Mushen batir ne aka wanke, aka ɗura masa ruwa, aka shafe shi. Ya riƙe wuta zuwa Kiéché, a dawowa ya sake ka cikin duhu.

Wanda ya sayar maka ya zo gaisuwa. Ya zauna a tabarmar gaba, ya fi kowa ɗaga murya cewa kwana ne ya ƙare. Na san ajali na Allah ne, ban kai waɗannan shekaru ba don a koya mini. Amma Allah bai sa fenti a hannun kowa ba. Ban amsa sallamarsa ba, kuma ba zan amsa ba.

Allah Ya gafarta maka, Abdussalamu, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Balki, matar marigayi, Allah Ya ba ki haƙuri, Ya raya Khalid da Fadila. Idan sun girma aka ce musu babansu ya yi sakaci, ki nuna musu batirin. Na aika miki da shi, gefe guda na bar fentin don su kankare da kansu.

Gujiyar tana nan, ban iya ɓare ta ba.