Fatun Jar Akuya a Mashigin Jabal Tarik

Ana sallame sallar asuba muka bar Sabon Garin Maraɗi, ni da Baba, ƙanen mahaifina, wanda ya taho daga Tibiri ya kwana gidana don kada mota ta bar shi. Masu tare ni a kasuwa suna tambayar me ya kai mu bakin teku, to ga labarin, ku huta ni ma in huta.

Kun sani, tun da aka karya darajar sefa, yau yajin aiki gobe taron siyasa, abin da ya rage yana kawo mana alheri daga waje shi ne fatar jar akuyar Maraɗi. Sai ga takarda daga Baturen Sipaniya mai sayen fatunmu: kayan da muka tura ta tashar jirgin ruwa ta Kwatano sun iso a ruɓe, kuma in haka fatar Maraɗi ta koma, shi ya daina saye. Gida nawa ke ci da wannan fata, daga mahauta har masu shanya? Sandikarmu, wato ƙungiyar 'yan fata, ta ce in je in gani da idona, tunda na yi lekol, karatun boko ke nan, ina jin Faransanci. Baba ya ce ƙafata ƙafarsa, don shekara arba'in yana shanya fata a inuwa, ba a taɓa kiran tasa ruɓaɓɓiya ba.

Ga abin da ke cina a rai tun daga gida. Ni ne bana na kawo dabarar naɗe ɗaurin fata da leda, saboda ruwan sama na hanyar Kwatano. Kowa ya bi ni sai Baba. Shi ya naɗe nasa da tabarmar kaba da ganyen bedi, wato dogon yaro, yadda ya gada, muka yi ta yi masa dariya.

Hanyar Yamai ba sai na faɗa ba, rami na miƙa mu ga rami. Kwana shida muka yi neman biza, yau ma'aikata na yaji, gobe mai hatimi bai zo ba. Daga nan jirgin sama zuwa Kazablanka, sai jirgin ƙasa zuwa Tanja. Mutanen can na kirki ne, akwai son baƙo, amma da ramammiyar sefarmu kofin shayi ɗaya ya ci kuɗin furar gida guda. Da aka kawo mana kuskus, Baba ya ɗanɗana ya ce ai dambu ne da ya yi boko.

Da safe muka hau jirgin ruwan da ke tsallaka mashigin tekun Jabal Tarik zuwa Sipaniya. Kai jama'a! Ni da iyakar ruwana Gulbin Maraɗi, sai ga ruwa iya ganin ido. Baba ya daɗe yana kallo, sannan ya ce in tambaya masa wane wata yake ƙafewa. Wani ma'aikacin jirgi ya yi dariya har da riƙe ciki. Shi ya nuna mana cewa a inda mashigin ya fi matsewa, tsakanin Afirka da Turai bai fi Maraɗi zuwa Tibiri da ɗan ƙari ba, ga duwatsun can ɓangaren ana hange ƙuru-ƙuru. Ya ce ruwa biyu ke wucewa a nan: na babban teku yana shiga ta sama, mai gishiri da nauyi yana fita ta ƙasa. Jiragen mai da na kwantena kuwa jere suke, wani na bin wani, kamar kamyo, manyan motocin kaya, a shingen kwastan na Ɗan Isa.

Can sai wasu halittu suka fara tsalle a gaban jirgin, garke guda, baya baƙi ciki fari. Dolfin ake ce musu. Wai ba kifi ba ne, numfashi suke ta wata ƙofa a ka, suna shayar da 'ya'yansu nono. Baba ya ce to 'yan'uwan ayu ne, ya yi tasbihi.

Amma hankalinsa ba can yake ba. Ya shafa ƙarfen jirgin, ya dubi tafinsa a jiƙe, ya taɓa rigar da ya wanke tun shekaranjiya ba ta bushe ba.

"Alhaji," ya ce, "iskar ƙasar ga jiƙaƙƙa ce. Abin da aka toshe wa numfashi a nan, gumi zai yi."

Nan take ledata ta faɗo mini a rai. Da wannan tunani muka wuce dutsen Jabal Tarik muka sauka Aljaziras, a ƙasar Sipaniya.

Baturen ya kai mu sito fuska a ɗaure. Ya yaye leda, wari ya buge mu. Fumfuna ta cinye fatun, gashi na zuba da kansa. Wallahi na ji kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Baba bai ko dube su ba, sai waige-waige yake, har ya hango ɗaurin tabarma shida jibge a lungu. Ashe Baturen bai ma buɗe su ba, a ganinsa tunda na leda sun lalace, ina ga na tabarma.

Baba ya yanke igiya, ya zaro fata ɗaya, ya kaɗa ta, ya ɗaga ta ga haske. Ja wur, busasshiya, babu tsagar wuƙa ko ɗaya. Baturen ya karɓa ya shinshina, ya murza, ya zaro ta biyu, ta goma, ya sa aka kwance sauran. Duk haka suke.

"Gaya mishi gaskiya," in ji Baba. "Akuyarmu ba ta da laifi. Ledarka ce."

Da bakina na fassara laifina. Baturen ya kama hannun Baba da hannu biyu, ya ce muddin haka za a riƙa naɗowa, ba shi da fatar da ta wuce ta Maraɗi. A hanyar dawowa na tsaya ina kallon manyan jiragen nan, na ce a raina duk girmansu, dakon kayan Tibiri suke yi. Rabon da in ji alfahari irin na ranar har na manta.

Mun iso gida lafiya ranar Juma'a. Na tsaya gaban sandika na faɗi komai, ban rage ba, shi ya sa yanzu ake kirana Alhaji Leda, kuma ina amsawa. Na koyi cewa kafin ka yi wa tsoho dariya, ka fara tambayarsa dalili. Masu saƙar tabarma har Jiratawa sun samu aiki, ragowar ledata kuma na rufe rumfar awaki da ita.

Baba kuwa, duk wanda ya je Tibiri ya tambaye shi yaya teku, amsarsa ɗaya ce: "Ruwa ne mai yawa, amma bai ci tabarmata ba."