Takardar maganin da na riƙe a aljihu

Shekarun baya, lokacin korona, mahaifina ya kwanta da zazzaɓi da tari a gidanmu na Dangora. Ni kuwa na naɗa kaina likitan gida, ba don na karanci komai ba, sai don ni ke da babbar waya. Kullum da safe in dafa citta da tafarnuwa da lemon tsami, in zuba zuma, in tsaya a kansa har ya shanye. In ce, "Baba, garkuwar jiki muke ƙarawa." Ya yamutsa fuska ya sha.

A kwana na shida zazzaɓin ya sauka, har ya nemi tuwo. Na shiga gari ina koya wa mutane haɗina.

Bayan kwana biyu numfashi ya soma gagararsa. Daga ɗaki zuwa bayi sai ya dafa bango sau biyu. Ni da ƙanwata muka ɗauki mota muka kai shi wani asibiti a Kano, aka sa masa iskar oksijin tun a bakin ƙofa.

Likitar da ta duba shi ta kira ni gefe. Ta ce, "Malam, ƙwayar cutar ta fara ja da baya. Abin da ke wahalar da shi yanzu garkuwar jikinsa ce. Ta tashi yaƙi ta kasa tsayawa, har huhunsa ya kumbura. Allura za mu yi masa da za ta rage mata ƙarfi. Je ka sayo."

Na duba takardar na ga deksa. Na san shi, shi ne wasu matan unguwarmu ke sha don su yi ƙiba. Ga Baba da ciwon suga. Ga ni na kwashe mako ina gina garkuwa, a ce yanzu a rushe ta? Na ninke takardar na sa a aljihu, na fita na zauna a gindin bishiya ina bincike a waya. Na kira abokina mai kemis a Yako, ya ce, "Ni dai ban taɓa jin an ba mai tari shi ba." Wannan ya ƙara min taurin kai.

Tun kafin azahar nake wajen har aka idar da la'asar. Sai ga ƙanwata, idonta ya yi ja. Ta ce, "Yaya, shiga ka dube shi." Na shiga. Haƙarƙarinsa na hawa da sauka kamar wanda ya yi gudu, ya kalle ni. Ƙanwata ta miƙo hannu kawai. Na zaro takardar na ba ta.

Kwana goma ana yi masa allurar. Sugansa ya hau kamar yadda na ji tsoro, amma likitar ta riga ta shirya wa hakan, ana huda yatsarsa ana aunawa, ana ba shi insulin. A hankali aka riƙa rage masa iskar. Mu kuwa muna kan benci ɗaya, ƙafafuna har suka kumbura. Wata rana na yi ƙarfin hali na tambayi likitar ko haɗina ne ya tayar da garkuwar. Ta ce, "Shayinka bai jawo komai ba, bai kuma hana komai ba." Ban san wanne ya fi min ciwo ba.

Bayan mako uku aka sallame mu. Baba ya rayu, alhamdu lillahi, sai dai numfashinsa bai koma daidai ba. Gonar masara ta koma hannun ƙaninsa.

Abin da ban tambayi likitar ba shi ne ko awannin da na ɓata sun rage masa wani abu. Na sha yin niyya, na kasa. Yanzu in wani ya turo min haɗin magani a waya, sharewa nake yi, ba ni da ƙarfin gardama.

Har yau Baba ke ja mana sallah in mun taru a gida. Gajerun surori yake karantawa, kuma a tsakiyar Fatiha yakan tsaya ya nemi numfashi. Kowa a sahu jiransa kawai yake yi. Ni kaɗai nake ƙirga tsawon shirun.