Shekarar da Ruwa Ya Rasa Hanyar Tabkinmu

Matso kusa ka ji wani abu, wanda ko yau na tuna sai in aje muciya in yi ta dariya ni kaɗai. Har in koma ga Allah ba zan manta da shekarar da aka faɗaɗa tabkin garinmu ba, nan gaba kaɗan da Jiratawa.

Lokacin ne aka buɗe siyasa, kowa ya samu parti. Tabkin nan kuwa da shi muke wanki, da shi dabbobi ke sha, amma ɗan ƙarami ne. Kafin bazara ta yi nisa ya ƙafe, mu mata mu koma ɗaukar tulu har rijiyoyin gulbi. Wuyana har yau bai yafe mini ba. Aka tura mutane Maraɗi roƙon katafila, suka tarar ana yajin aiki, ko mai gadi babu. Sai gari ya ce a yi gayya.

Gayya ɗaya aka kira, biyu suka zo. Maigidana yana wani parti, yayana yana wani, kowane ɓangare da makaɗinsa da tutarsa. Aka ja igiya ta tsakiyar busasshen tabki, gabas ta su maigida, yamma ta su Yaya. Ni kuwa fura ɗaya nake damawa, in raba ƙwarya biyu.

Sun yi aiki fa, kada in ci haƙƙinsu. Yaya ya kan leƙo ta kan igiya ya ce, "Mijin ƙanwata, wanga ramin naku na shuka gujiya ne?" Maigida ya share gumi ya ce, "Yaya, adana numfashinka, ranar ƙirga ƙuri'a za ka neme shi."

Sai rigima ta taso: ina za a zuba ƙasar da aka haƙo? Ba wanda ya yarda a zuba a gefensa, don nan zai kafa rumfa ranar bikin buɗe tabki. A zuba gefen abokin hamayya kuwa, yaƙi ne. Komite ya yi kwana biyu yana zama ƙarƙashin tsamiya, har aka gano wani ɗan kwari daga arewa, daidai inda igiya ta ƙare, wanda ba na kowa ba ne. Aka ɗaga hannu, kowa ya yarda. Abu na farko ke nan da parti biyun suka haɗu a kai, har da tafi.

Ina tattara ƙoraina sai ga wani tsoho daga cikin Anna, masu bin addinin gargajiya, wanda gidansu ke yi wa tabkin yanka tun kakanni. Ya ce, "Ƴaƴana, ta kwarin nan fa ruwan daji ke shigowa."

Shugaban komite ya ce, "Baba, wane parti kake?"

"Ba ni da ko ɗaya."

"To ai kuwa ba ka da bakin magana a nan."

Tsoho ya ɗauki sandarsa ya yi gaba. Da muka koma gida na ce wa maigida, "Malam, maganar tsohon nan ta tsaya mini a rai." Ya ce, "Ke, an riga an ɗaga hannu. Dimokuraɗiyya ke nan." Na ce, "Shi ruwan an gaya mishi?" Ya ce in miƙo mishi buta.

Ruwan farko mai ƙarfi bayan azahar ya sauka. Ruwan daji ya taho da gudunsa, ya iske tudu a ƙofarsa, ya juya ya biyo lungunmu. Gidanmu ya fara yi wa sallama. Kaji suka haye rumbu, turmina ya fita ƙofa yana juyi kamar mai zuwa kasuwa, tutar partin maigida na bin sa. Yaya ya iso, ruwa har gwiwa, ya ce, "Barka, ashe naku tabkin a tsakar gida kuka haƙa!"

Maza suka ruga bakin tabki. Ga shi nan ƙato, gwanin kyau, ruwan cikinsa bai kai idon sawu ba. Wallahi a cikin ruwan saman nan suka tsaya gardama: jar ƙasa ta gabas ce, fara ta yamma, wacce ta fi yawa a tudun?

Mu mata ba mu jira ba. Mai hauya, mai ƙwarya, ni da muciyata. Tsohon nan ya zo ya nuna da sanda ya ce, "Nan." Muka yi ta yaƙushi har ƙasa ta buɗe, ruwa ya kwarara da ruri. Kafin magariba igiyar tana yawo a sama, ba ka gane gabas balle yamma. Shekarar nan ban ɗauki tulu zuwa gulbi ba har wata damina ta zagayo.

Biki biyu aka yi, kowane parti ya ce shi ya kawo ruwa. Ni na dafa na biyun. Ba wanda ya ambaci tsohon, sai ni da na aika mishi da akushi guda.

Tun ranar, in aka taru kan wata magana, kafin in duba hannu nawa aka ɗaga sai in nemi wanda ya san wurin, ko ba shi da kujera. Kai da ka yi lakwal, ka sha boko, gaya mini tsakaninka da Allah: da kana ƙarƙashin tsamiyar nan, hannu za ka ɗaga, ko tsohon za ka bi?