Ranar da Na Bar wa Surukata Fili

A shagon wani tela na fara jin kiɗan nan, a bakin kasuwar Matamaye, tun ina ɗan lakwal, wato makarantar boko. Telan yana da kaset ɗaya da yake ji da shi, na wasu makaɗan Damagaram masu gita da ƙaho da gangunan Turawa, waɗanda suka ɗauko kiɗan fank da sol na baƙaƙen Amirka suka zuba musu Hausa. In aka zo inda gitar bas take gurnani, sai ka ga ƙafarsa a kan keken ɗinki ta bi kiɗan, kuma duk rigar da ta faɗo a wannan lokaci ɗinkinta sai ya karkace. Sau uku kaset ɗin yana tsinkewa yana liƙe shi da jan farcen matarsa. Na girma, na zama malamin makaranta, na yi furfura, ban taɓa sa makaɗan a ido ba. Ƙungiyar ta watse tun ina saurayi, wasunsu ma sun riga mu gidan gaskiya.

Kwatsam wata rana rediyon gari ta yi shela cewa waɗanda suka rage sun sake haɗuwa, suna zagaya garuruwa, kuma za su yi wasa a gidan matasa na Matamaye ranar Asabar, daga bayan la'asar zuwa gabanin magariba. Na ce wa kaina to, gani zai kori ji. Na shiga gida ina ba mai ɗakina labari, bakina har kunne, sai ta katse ni.

"Mushe, Hajiya ma tana son zuwa."

Mushe shi ne abin da kowa yake kiran malamin lakwal a wajenmu, har matarsa. Na ce, "Wace Hajiyar?"

"Hajiya nawa gare ka? Innata."

Sai da na zauna. Surukata tsohuwar ungozoma ce ta asibiti, rabin mutanen garin nan a hannunta suka faɗo duniya. Shekara ashirin da ɗoriya ina auren ɗiyarta, ban taɓa cin ko gyaɗa a gabanta ba, ban taɓa jin ta yi dariya da ƙarfi ba. In na je gaisuwa, a zaure nake tuɓe takalmi, in durƙusa a bakin ƙofa, ta amsa daga bayan labule. Wannan matar ce aka ce mini za ta je kallon fank.

Mai ɗakina ta ce lokacin da Hajiya take karatun aikin asibiti a Damagaram, in makaɗan nan suna wasa, ita ake buɗe wa fili. Gashi a tsefe ya yi tozo, takalmi mai tudu, ba wadda take kama ƙafarta. Ta ce, "Jiya ta faɗa mini wai gwiwarta rawa ɗaya ta rage mata, kuma ba ta son ta tafi da ita kabari."

Na tuntsire da dariya. Mai ɗakina ba ta taya ni ba.

Ga inda na yi wautar. Don in gwada ni suruki ne na ƙwarai, na je da wuri na sa aka ajiye wa Hajiya da ɗiyarta kujeru a layin gaba na ɓangaren mata, ni kuma na kama tawa a layin gaba na maza. An jera kujerun ne suna fuskantar juna, aka bar fili a tsakiya aka yayyafa masa ruwa. Da kowa ya zauna sai ga ni ga Hajiya, ido da ido, ba komai tsakaninmu sai filin rawa. Na sunkuyar da kai na gaishe ta daga nesa, ina jin daɗin kaina.

Su shida suka hau dandamali, kuma da na gan su gabana ya faɗi. Mawaƙin da sanda ya hau, cikin wani kwat mai ƙyalli da ya yi masa yawa a kafaɗa. Mai bas ya nemi kujera, don ba ya iya tsayuwa da gitar a wuya. Mai ƙaho ya juya mana baya ya danna haƙoran robarsa da babban yatsa, yana tsammani ba mu gani ba. Mai ganguna kuwa, da tabon sallarsa da farin gemu, in ka haɗu da shi a hanya sai ka roƙe shi addu'a. Na ce a raina, wayyo, da ma na tsaya a kan kaset.

Mai ganguna ya buga sandunansa sau huɗu, sai na nemi tausayin nan na rasa. Tsohuwar zuma da ita ake magani. Bas ɗin a ciki na ji shi, ba a kunne ba. Ƙahon ya tsaga filin har tattabarun da ke kan rufin kwano suka tashi. Muryar mawaƙin ta dushe, ba ta kai inda take kaiwa da, amma ya san inda zai sassauta ya bar ƙaho ya ƙarasa masa, kuma dushewar ta ƙara mata wani abu da babu a kaset. Ya jingine sandarsa a jikin lasifika ya manta da ita.

Waƙa ta ɗaya ta wuce, aka tafa. Ta biyu ta wuce, aka tafa. Ba wanda ya tashi. Waɗanda suka san kiɗan duk sun zama Alhazai da Hajiyoyi, kowa da ƴaƴa da jikoki da surukai a cikin taron. Matasan da ba su da wannan nauyi kuma ba su san ta inda ake kama rawar ba, sai ɗaga wayoyi suke yi. Muka zauna ƙiƙam kamar masu sauraron jawabin perefe, wakilin gwamnati a yankinmu, filin da aka yayyafa wa ruwa yana ta bushewa.

Mawaƙin ya goge gumi ya ce, "Mutanen Matamaye, ta'aziyya muka zo ne? In an yi rasuwa ku faɗa mana mu yi fatiha mu koma."

Aka yi dariya, amma ba wanda ya motsa. Na ga ya waiwaya ya dubi mai bas, mai bas ya kawar da kai. Tsofaffin nan sun sha hanya da ciwon baya da kwalaben magani a aljihu, suna ba da iyakar ƙarfinsu, kuma sun fara zaton kiɗansu ne ya mutu. Raina ya ɓaci. Na shiga zagin mutanen garinmu a zuci, ina cewa ƴan baƙin ciki, masu kunyar ƙarya.

Ina cikin wannan fushin idona ya sauka a ƙafar Hajiya. Ta zare takalmi ɗaya, yatsunta suna dukan ƙasa daidai da ganga, ba kuskure ko ɗaya. Ta dafa hannun kujera ta ɗan ɗago. Sai ta dubi gabanta ta gan ni. Ta koma ta zauna, ta gyara mayafi, ta mayar da ƙafar cikin takalmin. Na dubi mai ɗakina, na tarar ta daɗe tana harara ta. Ta turo baki wajen ƙofa.

Ashe ɗan baƙin cikin da nake zagi ni ne.

Ba zan yi ƙarya ba, ban tashi nan take ba. Daidai lokacin mai bas ya fara gurnanin nan na kaset ɗin tela, waƙar da na yi shekara arba'in ina jiran in ga yadda ake yin ta da hannu. Na ji haushin Hajiya, na ji haushin matata, na ji haushin wanda ya ƙirƙiro surukuta. Na ce ko in koma layin baya in ɓuya. Amma Hajiya ba yarinya ba ce, muddin ba ta ga fitata da idonta ba, ba za ta tashi ba. Ni ina da sauran shekaru in Allah ya yarda, ina da kunnuwa, ita kuwa gwiwa ɗaya ce da rawa ɗaya. Na zaro wayata da ba wanda ya kira, na kara a kunne, na ratsa ta tsakiyar fili ina "Alo? Alo? Ba na jin ka," don kowa ya shaida na fita.

A waje, jikin katanga, akwai mai rake da baronsa. Ban gama tsayawa ba sai ga wani malamin dabbobi na Icirnawa ya fito, waya a kunne. Bayansa wani ɗan kasuwa mai shago a Ɗan Barto, shi ma yana alo. Kafin a jima mun kai mu tara, duk magidanta masu furfura, kowa da waya a hannu.

Malamin dabbobin ya dube ni ya ce, "Mushe, kai ma an kira ka?"

Na ce, "An kira ni."

Ya ce, "Yau rezon waya yana da kyau."

Sai muka ji guɗa. Mace ɗaya ta fara, wasu suka karɓa, filin ya ɗauka gaba ɗaya. Gangar ta canja, ta ƙara nauyi, kamar mai ita ya sami wanda yake yi wa. Muka ji kujerun roba suna faɗuwa. Muka ji mawaƙin, da muryar da ban san ta rage masa ba, yana ihu, "Yawwa Hajiya! Haka nan ne! Ku ba ta fili!" Waƙar da take minti biyar a kaset, sai da suka ja ta har rana ta yi ja.

Ƙofar gidan matasan ta kwano ce, tana da wani tsagi da ido zai iya leƙawa. Ɗan kasuwan ya matsa wajen, ya tsaya, ya dawo bai leƙa ba. Ni na ba ƙofar baya. Mai rake ya fere mini guda, na tsaya ina sha ina hawaye, na daɗi da na takaici a haɗe, ba wanda ya ce mini don me.

Kwana uku Hajiya ta yi ba ta taka ƙasa ba. Na je gaishe ta, na durƙusa inda na saba.

Daga bayan labule ta ce, "Mushe, an ce waya ta fitar da kai ranar nan. Lafiya dai?"

Na ce, "Lafiya lau, Hajiya."

Na fara shirin tashi. Sannan ta ce, "Allah ya yi maka albarka. Allah ya ba ka masu yi maka."

Da damina ta zagayo Allah ya yi mata rasuwa. Mai ƙahon ma na ji ya bi ta ba da daɗewa ba, makaɗan ba su sake fita ba.

Ashe babbar ɗiyata tana cikin taron ranar nan, ta ɗauki rawar Hajiya duka a wayarta. Bayan sadakar arba'in ta same ni a tsakar gida ta zauna kusa da ni.

"Baba, yanzu ai sai ka kalla."

Na karɓi wayar na riƙe. Na daɗe ina riƙe da ita. Sannan na kife ta a kan tabarma na ce, "Ƙara mini murya."