Kunkuran Inna da Daɓen Siminti

Na taso na tarar da kunkuru biyu a gidanmu na Gwallaga, mace da namiji. Babanmu ne ya zo da su daga wani ƙauye tun ba a haife ni ba. Shi dai kawowa ce tasa, wahalar kuwa Inna ce ta gada. Macen ta kai girman daron wanki, tana da raminta a gindin dalbejiyar tsakar gida, inda take shigewa in rana ta take. Namijin ƙarami ne, ba shi da sana'a sai bin ta a baya. Inna kan yi musu faɗa yadda take yi mana, kuma a ganina ta fi jin daɗin yi musu, don su ba sa gunaguni.

Bayan rasuwar Baba, yayanmu da ke aiki a Abuja ya zo da niyyar alheri. Ya ce ba zai yiwu uwarsa ta ci gaba da taka taɓo da damina ba. Aka sare dalbejiya saboda saiwarta na tsaga katanga, aka cike ramin, aka daɓe tsakar gida da siminti kaf, ko faɗin tafin hannu ba a bari ba. Maƙwabta suka yi ta shigowa sa albarka. Dukanmu, har da Innar, ba wanda ya tuna da kunkuran. A wurinmu kunkuru abu ne da ake ajiyewa ya yi ta rayuwa, ba a taɓa tambayar me yake so.

Ba a yi kwana uku ba macen ta fara ƙwaƙular siminti, daidai inda raminta yake a da. Tun safe muke jin ƙarar faratanta har suka cinye. Da azahar daɓen kan ɗauki zafi, sai ta lallaɓa ta cusa kai bayan randa. Daga nan ta daina cin abinci. Inna ta kawo ganyen rama, ta kawo ɓawon kankana, har latas ta aika aka sayo, abin da mu 'ya'yanta ba ta taɓa saya mana ba. Ko kallo bai ishi macen ba.

Na ce a fasa simintin ta gefe guda. Inna ta harare ni, ta ce ɗanta ya yi mata abin arziki, ba za ta sa guduma a kai ba. Amma kuma ba za ta zauna ta ga dabbar da mijinta ya bari ta mutu a gabanta ba. Sai dai a nema musu wani gida.

Masu so suka fara zuwa, Inna na tantance su ɗaya bayan ɗaya. Wani maƙwabcinmu ya cika tambayar faɗin ƙoƙon bayan, ta gane magani zai yi da shi, ta sallame shi da fara'a. Wani ɗalibi mai haya a Yelwa ya ce zai cika baho da ruwa ya sa su ciki, ta tambaye shi ko an ce masa tarwaɗa take kiwo. A ƙarshe dai ta amince da Kawu, ƙanenta, tsohon ma'aikaci mai gida a GRA. Yana da fili da mangwaro, da wasu furanni da yake ji da su kamar ransa.

A keke napep muka kai su, macen a ƙafafun Inna an lulluɓe ta da tsohon zane, namijin a bokiti bisa cinyata. Inna ta tsaya a filin Kawu ta zayyana sharuɗɗa: ruwa a faranti marar zurfi, inuwa kullum, ban da tuwo, ban da abin gishiri, kuma kada kowa ya huda wa macen ƙoƙo don a ɗaure ta. Kawu yana rubutawa a ɗan littafi.

"Adda, ko fayil zan buɗe musu?" in ji shi.

Ba ta yi dariya ba.

Mako guda Inna ta yi tana maimaita cewa wahalar banza muka yi, macen nan ba za ta ci daga hannun baƙo ba, ba ta san kowa ba sai ita Innar. Da damuwa take faɗa, amma ni da na san uwata na ji alfahari a ciki. Ran Juma'a ta ƙulle ganyen rama a leda ta ce mu je.

Kawu ya tare mu a ƙofa, fuska a murtuke. Ya kai mu wurin furanninsa, wato inda suke a da. An cinye rabi, an tone rabi, ga wani rami da hannu ba ya kai ƙarshensa. Namijin yana gefe yana kiwon ciyawa abinsa.

Inna ta durƙusa a bakin ramin, ta yi kiran da ta saba yi, ta kaɗa ganyen. Can sai ga ƙasa ana watsowa daga ciki, har kan gyalenta. Ta sake kira. Muka zauna har la'asar ta yi sanyi, macen ba ta leƙo ba. Inna ta ajiye ramar a bakin ramin, ta kakkaɓe gwiwoyinta, ta ba Kawu haƙurin furanninsa.

A hanya na shirya tsokanar da zan yi mata, amma da na ga fuskarta sai na haɗiye. Tausayinta ya kama ni. Da muka kusa gida sai ta yi magana.

"Alhamdu lillahi, ta samu lafiya," ta ce. Ta gyara gyale, tana kallon titi. "Ashe ƙasa take nema, ba ni ba."