Takardar da ke cikin hular Yaya Haruna

Shekara bakwai ke nan da muka kai Yaya Haruna makwancinsa a Likoro. Har yau idan na bi hanyar Kudan lokacin matsar rake, ƙamshin mazarƙwaila ya buge ni, sai in rage gudun mashin ina leƙen hayaƙi, kamar zan hango shi a bakin kasko. Mu uku mahaifinmu ya bari: Yaya Asabe da ke aure a Taba, sai shi, sai ni auta, wanda aka sa boko har na zama malamin firamare.

Dafa mazarƙwaila ce sana'arsa, kuma bai yarda da harshen kowa ba sai nasa. Duk kaskon da za a sauke sai ya ɗanɗana, daga safe har la'asar, ya kora da ruwan rake. Da ya fara rama, ga ƙishirwa da ba ta ƙarewa, cewa muka yi zafin wuta ne. Sai da ciwon da ya ji a ƙafa ya ƙi warkewa ya tafi asibiti a Zariya. Da ya dawo na ce, "Yaya, me likita ya ce?" Ya ce, "Da sauƙi." Na ce Allah ya ƙara sauƙi, na ja bakina. A gidanmu ƙani ba ya yi wa yayansa tambaya biyu a jere.

Bayan sadakar bakwai matarsa ta miƙo mini hularsa. A cikinta na sami takardar asibiti, an ninke ta ƙanana, gumi ya rina ta. Shekara biyu tana kansa. Ya adana ta yadda muke adana duk abin da aka rubuta, bai bari ta taɓa ƙasa ba, bai kuma san me ta ƙunsa ba. Ciwon suga ne, an ce ya dawo bayan wata guda. Na san shi sarai: likita ya yi ta bayani, shi kuwa yana "to, to" don kada a ce bai gane ba. Ni da nake cin tuwo kwano ɗaya da shi kullum, a tsaye na karance ta. Wannan baƙin cikin bai sake ni ba.

Da na je aka auna nawa jinin, aka ce na kama hanyarsa. Ranar na ajiye kunya, na yi ta tambayar ma'aikaciyar asibitin har ta yi dariya: wannan lambar mece ce, ina ya kamata ta tsaya, me zan ci? Na rubuta amsoshin da Hausa a bayan takardar. Yanzu rabin malmala nake ci, zogale ya fi tuwon yawa, na yi sallama da mazarƙwaila. Kowace safiya ina takawa har bakin fadama in dawo. Da yana nan da ya ce, "Malam, tafiya ba aike? Boko ya gama da kai." Da kuma ya biyo ni, don bai iya barina ni kaɗai ba. Ni kaɗai nake tafiyar, ni kaɗai nake zama gaban kwano, kuma kewarsa tana damuna.

Watan jiya na ji Yaya Asabe ta je asibiti. Na hau mashin sai Taba. Bayan mun gaisa na tambaye ta, ta ce da sauƙi. Na ce, "Yaya, ina takardar?"

Ta ce, "Kai auta, yaushe ka yi girman da za ka tuhume ni?"

Na ce ba zan tashi ba sai na gani. Ta ci gaba da aikinta har aka kira azahar. Sannan ta shiga ɗaki, ta zaro ta daga ƙarƙashin kwalla. Hawan jini ne, maganin ma ta daina sha tun da ciwon kai ya lafa. Na bi mata layi-layi, muka tsayar da ranar komawa asibiti tare.

Ba gona ko kasko ne gadon da na ci daga Yaya Haruna ba, wannan tambaya ta biyu ce. Da Yaya Asabe ta rako ni zaure, ta daɗe tana kallon hularsa a kaina. Ta ce, "Auta, ina ma Haruna ka yi wa wannan rashin kunyar."