Ɗangoma da Rijiyar Garin Maidawa

Har Haske ta tsufa haƙoranta suka zube, in ana hirar mazajen ƙasar Kurfai a gabanta, ana ambaton masu baka da masu doki, sai ta taɓe baki. Ita dai a zamanta na duniya mutum ɗaya ta gani da ya cika mutum, shi ne Ɗangoma mai yasar rijiya. Masu saurare kan yi dariya, don duk wanda ya san Ɗangoma ya san matsoraci ne na ƙin ƙarawa.

A Garin Maidawa aka haife shi, tafiyar rabin yini gabas da Filinge, can bisa tudu inda ruwa ke da nisa. Rijiyar garin guda ce, zurfinta gaba goma sha takwas. Ubansa ne ke yashe ta, da ya mutu ya bar masa igiya da dagi da kwando, shi ke nan gadon. Ya yi aure sau ɗaya, matar ta rasu wajen haihuwa ita da abin da ta haifa, bai sake nema ba. Ɗan siririn mutum ne mai sanyin murya. Kare ya yi haushi, Ɗangoma ya canza hanya. In ana wasan bori iskoki suka hau mutane, yana can bayan zana yana leƙe. Ko farauta bai taɓa bi ba, a ƙasar da namiji ke tashi da kwari a kafaɗa. Haske kanta tana amarya a gidan mijinta Gambo ta taɓa yin dariya har da hawaye ranar da wani bunsuru ya kora shi ya zagaya rumbu sau uku.

Amma duk bazara in ruwa ya ja baya, shi ake ɗaura wa igiya a ƙugu. Ba wai rijiyar ce ba ya tsoro ba. Kafin ya shiga sai ya koma gefe ya yi amai, ya share baki, sannan ya zura ƙafa. Kuma ba ya yarda kowa ya riƙe masa igiya sai wanda suka taɓa cin tuwo ƙwarya ɗaya.

Mutanen garin suna da wata dabara tun kakanni. In aka ji mahara masu raƙuma sun taso daga arewa, ba a tsayawa faɗa. Sai a shimfiɗa gumagumai a bakin rijiya, a rufe da zana da ƙasa, a kwashe kwamayen shayar da dabbobi, a ɗora wani tsohon rumbu a kai, gari duka ya hau dutsen da ke bayan gari da tulunan ruwa. Mahara su zo su tarar ba ruwa, kafin rana ta yi tsaka ƙishirwa ta kore su. Kafin a hau dutsen kuwa, Baushe mai tsafin gari yakan yanka baƙin bunsuru, kowa ya ɗanɗana ƙasa ya rantse. Namijin da ya nuna wa baƙo rijiya, rijiya ta ci shi, ruwanta ya haramta gare shi, wanda ya ba shi kuma ya raba alhakin da shi. Mace kuwa da goyonta take rantsuwa.

Shekarar da Annasara suka fara ratsa ƙasar, masu dawowa daga kasuwar Filinge suka zo da labari mai tayar da hankali. Wai wasu jajayen mutane ne da sojoji baƙaƙe masu jar hula, bindigarsu na magana ba a tsaya ɗura ta ba, kuma sun bar garuruwa toka a bayansu. Wata safiya makiyaya suka shigo a guje, suka ce ga su nan tafe. Baushe ya ce baƙo baƙo ne, kowane iri ne da maƙogwaro yake tafiya, a rufe rijiya. Ba wanda ya musa. Sabo turken wawa, ba su san akwai maharan da ba sa juyawa ba.

An rufe, an rantse, an kama hanyar dutse. Sai a tsakiyar hanya aka lura ba Tambara, uwar Gambo, tsohuwa makauniya, kowa na zaton tana hannun wani. Gambo ya yi gaba da shanu, don haka Haske ce ta juya a guje da 'yarta Tanne a baya, jaririya 'yar wata biyar. Ta sami tsohuwar zaune a ɗaki tana jiran a zo. Sun fito ƙofar gida ke nan suka yi kiciɓis da jajayen huluna.

Nan take aka kama su. Aka ja su zuwa tsakiyar gari, aka ɗaure su baya da baya a turken jaki cikin rana, Tanne a ƙirjin uwarta. Da Haske ta ɗaga ido, sai ta ga inda suke. Taku goma ne tsakaninsu da tsohon rumbun.

Sojojin sun fi arba'in, ban da 'yan dako. Leɓunansu duk sun tsage, dawakansu na rataye da kai. Suka bi gida gida suna fasa tuluna, ba ko ɗigo. Annasaran da ke jagorantarsu na zaune bisa wani akwati a inuwar gawo, fuskarsa ja kamar an yaɓa mata barkono, idonsa irin na mage. Haske ba ta taɓa ganin abin da ya ba ta tsoro kamar idon nan ba. Bai ɗaga murya ba. Ya yi magana ƙasa ƙasa, wani tafinta mai Hausar Zabarmawa ya zo ya tsuguna gabanta ya tambaye ta ina rijiya. Ta ce ba ta sani ba. Ya yi murmushin takaici, ya ce macen da ba ta san rijiyar garinsu ba, ai ba a haife ta ba tukuna.

Da rana ta yi tsaka ya dawo. Ya ja shaci a ƙasa da gindin bindiga, ɗan nesa da rumbun ta gabas.

"Annasara ya ce, in inuwar rumbun ga ta ishe nan ba a ga ruwa ba, a sa ma gari wuta. Ke da tsohuwa da ɗiya kuna cikin ɗaka."

Ya tashi ya bar ta da inuwa.

Tun daga nan Haske ba ta ƙara kallon komai ba sai ƙasa. Inuwar ta fito daga gindin rumbun kamar tafin hannu, ta zama kamu ɗaya, ta ci gaba da rarrafe. Tanne ta yi kuka har muryarta ta dushe, ta koma wani ɗan nishi da ya fi kukan ciwo. Kalma ɗaya ce a bakin Haske, ko ma ba kalma ba, ta nuna da haɓa kawai an gama. Amma da goyonta ta rantse, da wannan ɗan jikin mai zafi da ke manne da ita. In ta faɗa ƙasa ta ci yarinyar, in ta yi shiru wuta ta ci. Gaba kura, baya sayaki. Sau biyu tana buɗe baki, sau biyu Tambara na jin motsin a bayanta tana matse mata yatsu.

"Kak ki hwaɗi, ɗiyata. Ƙasa ba ta mantuwa."

Daga baya Gambo ya ba ta labarin abin da ake ciki bisa dutse. Suna hango komai. Shi ya ɗauki baka zai sauko, maza huɗu suka danne shi, don kibiya ɗaya za ta jawo wa gari duka mutuwa. Baushe na ta cewa a yi haƙuri, yanzu za su tafi. Rana ta karkata, ba su tafi ba, sai ma aka ga sojoji na tara kara a jikin ɗakuna. Mazajen nan masu kirari kowa ya sunkuyar da kai. Ba wanda ya ma lura da lokacin da Ɗangoma ya tashi.

Saura kamar taku ɗaya inuwa ta taɓa shacin Haske ta ji sojoji sun yi hayaniya. Ta ɗaga kai. Ga mutum yana tahowa daga wajen dutse, igiya a kafaɗa, hannuwa sama, yana tafiya kamar mai zazzaɓi. Bindigogi suka juyo kansa. Ya faɗi, ya tashi. Da ya iso gaban Annasaran haƙoransa na haɗuwa, sai da ya yi ƙoƙari uku maganar ta fito.

"Ni ad da rijiya. Ku kwance su, in gwada muku."

Aka kwance su. Da zai wuce ta gabanta, Haske ta kama bakin rigarsa, ta ce, "Baba, rantsuwa." Bai dube ta ba.

"Yi kurum, matar Gambo. Ke kina da abin da ƙasa ka ci. Ni ba ni da kowa."

Ya je ya dafa rumbun. Sojoji suka ture shi gefe, suka kifar da rumbun, suka hau tono da hannu da gindin bindiga. Ya yi ta roƙonsu a bi a hankali, ba mai jin Hausa, ba mai sauraro. Garin gaggawa gungume ɗaya ya suɓuce ya faɗa ciki da ƙasa mai yawa, ya tokare can ƙasa. Aka zura guga, ta dawo a bushe. Annasaran ya miƙe tsaye, tafinta ya nuna Ɗangoma, ya nuna ramin.

Nan ne Haske ta ga tsoro tsirara a fuskar ɗan Adam. Mutumin da ya rantse da safe cewa rijiya ta ci shi, shi ne za a zura cikinta kafin la'asar, bakinta a rushe, kuma igiyarsa a hannun waɗanda bai san ko sunansu ba. Ya ɗaura igiyar, yatsunsa na kuskure ƙulli. Ya koma gefe ya yi amai. Ya dubi dutse sau ɗaya, sannan ya zura ƙafa.

Igiya ta yi ta tafiya. Haske ta rungume Tanne, ta matso iyakar inda aka bar ta. Tana jin ƙasa na zuba ciki kaɗan kaɗan. Can aka ji wata ƙara mai nauyi daga ƙasa, ƙura ta taso, igiyar ta saki. Tambara ta fara kiran sunayen kakanni a hankali. Haske ta tabbata an gama, rijiya ta karɓi abinta. Ta daɗe haka, ba ta san iyakar daɗewar ba, kafin igiyar ta motsa sau biyu. Aka jawo gungumen, aka jawo kwando bayan kwando na laka, daga ƙarshe aka jawo shi, jini na bin goshinsa. Guga ta farko da ta fito, shi aka tilasta wa sha don a ga ko an sa dafi. Ya rufe ido ya sha ruwan da ya haramta gare shi. Da ya sauke gugar, sai ya miƙa wa Haske sauran tun kafin wani ya hana.

Ba a ƙone garin ba. Sun sha, sun shayar da dawaki, sun kwashi hatsi, suka wuce. Amma mai buɗe rijiya abin amfani ne ga masu tafiya, don haka suka sa masa igiya a wuya suka tafi da shi.

Mutane suka sauko suka tarar da ɗakunansu tsaye. Baushe ya yanke hukunci yana hawaye, ya ce Ɗangoma ya cece su, amma rantsuwa rantsuwa ce, ba shi ya yi ta ba balle ya warware. Ko ya dawo, ba shi ba shiga gari, ba shi ba ruwan rijiya. Kowa ya ce haka ne, ya shiga ɗakin da Ɗangoma ya hana ƙonewa ya yi kwanciyarsa. Mutane ke nan. Ko sunansa aka daina kira a bakin rijiya.

Damina biyu ta wuce. Wata ranar bazara da hantsi, mata na jan ruwa, sai aka ga wani zaune a gindin aduwa bayan shingen gari. Ya rame har ba a gane shi sai ta zamansa, wuyansa da tabon igiya, ƙafa ɗaya a kumbure. Bai shigo ba, ya san doka. Bai kuma roƙi kowa ba. Matan kuwa kowace ta mai da ido kan gugarta.

Haske ta cika tulunta. Ta san abin da aka ce game da wanda ya ba shi, ta kuma san da abin da ita ta rantse. Tanne na can tana bin 'yan awaki a guje. Haske ta dube ta, ta tuna ranar inuwa. Ta ɗora tulun a ka. Wata ta kira sunanta ƙasa ƙasa, ba ta waiwaya ba. Ruwa na ta fantsalo mata a kafaɗa, har ta fita shingen ta durƙusa gabansa, ta cika ƙwarya ta miƙa.

Ya ja da baya, ya ɓoye hannuwansa.

"Kak ki yi, matar Gambo. Koma da abinki."

"Baba, hannuna ya gaji. Amshi."

Ya daɗe yana kallon ruwan, leɓunansa na motsi. Sannan ya tambaya, murya ba ta fita sosai.

"Ɗiyar nan, ta rayu?"

Haske ta nuna masa ita da haɓa. Ya bi da ido har ya ga yarinyar ta kama wutsiyar akuya tana dariya. Sai ya sa hannu biyu ya karɓi ƙwaryar.

Shekara uku ya yi a bukkar da Gambo ya kafa masa gindin aduwar nan kafin ya mutu. Kowace safiya Haske ce ke kai masa ruwa, kuma ba ranar da ta fita shingen ba tare da ta waiwaya ta dubi 'yarta ba.